Benjamin Britten

Edward Benjamin Britten (an haife shi a ranar 22 ga watan Nuwamba, 1913, ya rasu a ranar 4 ga watan Disamba, 1976) mai tsara kiɗa ne ɗan ƙasar Ingila, kuma makaɗin piyano da jagoran makaɗa. Ana lissafa shi cikin manyan masu tsara kiɗan kilasika na ƙarni na 20. Shi ne ya farfaɗo da opera a harshen Ingilishi, wato wasan kwaikwayon da ake rera maganganunsa da waƙa ana raka su da kiɗa. Daga cikin fitattun ayyukansa akwai Peter Grimes, da The Young Person's Guide to the Orchestra, da War Requiem, da kuma Death in Venice.

Tarihin Britten a haɗe yake da na mawaƙi Peter Pears, abokin aikinsa kuma masoyinsa. Sun ƙulla abota a shekarar 1937, abotar ta koma soyayya a 1939, suka ci gaba da zama tare har rasuwar Britten. Mafi yawan waƙoƙinsa da manyan rawar da ke cikin wasanninsa na opera domin muryar Pears ya tsara su. A cikin shekara 28 na farkon soyayyarsu, dokar Ingila tana ɗaukar irin wannan alaƙa tsakanin maza biyu a matsayin laifin da zai iya kai mutum gidan yari.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Britten a Lowestoft, wani garin masunta da ke gaɓar teku a yankin Suffolk, a gabashin Ingila. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Robert Britten, likitan haƙori ne. Mahaifiyarsa, Edith, mai sha'awar waƙa ce, tana shirya zaman kiɗa a gida, kuma ita ce ta fara koya masa piyano. Yana jariri ya yi fama da ciwon huhu mai tsanani wanda ya kusa kashe shi, ciwon kuma ya bar masa rauni a zuciya.

Tun yana ƙaramin yaro ya fara rubuta kiɗa, kafin ya balaga ya tara ɗaruruwan shafuka. A shekarar 1924 ya ji wani kiɗa mai suna The Sea na Frank Bridge a wani biki a birnin Norwich, abin ya shiga ransa matuƙa. Bayan 'yan shekaru Bridge ya karɓe shi a matsayin ɗalibi. Malami ne mai tsanani, wanda ba ya yarda ɗalibi ya rubuta sautin da bai fara ji a cikin kansa ba. A wurinsa ne kuma Britten ya fara jin aƙidar ƙin yaƙi, wadda ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi makarantar Gresham daga 1928 zuwa 1930, sannan ya samu gurbin karatu a Kwalejin Kiɗa ta Masarauta da ke Landan. A can ya koyi tsara kiɗa a hannun John Ireland, ya koyi piyano a hannun Arthur Benjamin. Yana ɗalibi ya rubuta Sinfonietta a 1932, wanda ya sa wa lamba ta ɗaya a jerin ayyukansa. Mahaifinsa ya rasu a 1934.

A 1935 ya fara aiki da sashen shirya fina-finai na hukumar gidan waya ta Birtaniya, inda yake tsara kiɗan gajerun fina-finan wayar da kai. A nan ya haɗu da marubucin waƙoƙi W. H. Auden, suka yi aiki tare a kan fina-finan Coal Face da Night Mail. Auden ya girme shi, ya kuma fi shi sanin duniya. Ya buɗe masa ido a fannin adabi da siyasa, ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa ya daina tsoron abin da zuciyarsa take so.

Haɗuwarsa da Peter Pears

Shekarar 1937 ta sauya rayuwar Britten. A watan Janairu mahaifiyarsa ta rasu, rashin da ya girgiza shi ƙwarai domin ya shaƙu da ita fiye da kowa. A watan Afrilu kuma wani abokinsa marubuci, Peter Burra, ya mutu a haɗarin jirgin sama. Burra aminin Peter Pears ne tun suna makaranta. Britten da Pears suka ɗauki nauyin tattara takardun mamacin da tsara su, kuma a wajen wannan aiki ne suka saba da juna.

An haifi Peter Pears a ranar 22 ga watan Yuni, 1910, a Farnham da ke yankin Surrey, wato ya girmi Britten da shekara uku. Ya yi makarantar Lancing, ya shiga Jami'ar Oxford amma ya bar ta bai kammala ba, ya ɗan taɓa koyarwa, daga baya ya shiga rukunin mawaƙan BBC. Muryarsa irin wadda ake kira tena ce, wato muryar namiji mai tashi sama. A lokacin da suka haɗu, Pears bai yi suna ba, muryarsa ma ba ta gama nuna ba. Britten kuwa tauraronsa ya fara haskawa: a wannan shekarar ce aka kaɗa Variations on a Theme of Frank Bridge a bikin Salzburg, aikin da ya sa aka san shi a wajen Ingila.

Da gadon da ya samu, Britten ya sayi wani tsohon injin niƙa a ƙauyen Snape ya mayar da shi gida. A 1938 shi da Pears suka kama haya tare a Landan, amma a matsayin abokai.

Zaman Amurka

A ƙarshen watan Afrilu na 1939, yayin da guguwar yaƙi ke taruwa a Turai, Britten da Pears suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada, daga can suka tsallaka Amurka. Auden ya riga su tafiya. A watan Yuni na wannan shekara, a lokacin da suka sauka a garin Grand Rapids na jihar Michigan, abotarsu ta koma soyayya. Sunan wannan gari ya ci gaba da fitowa a wasiƙun da suka yi wa juna shekaru da yawa bayan haka.

Sun daɗe a gidan iyalin Mayer a Amityville, kusa da New York, inda uwar gidan, Elizabeth Mayer, ta riƙe su kamar 'ya'yanta, ta kuma yi jinyar Britten lokacin da ya kwanta ciwon maƙogwaro mai tsanani. Sun kuma ɗan zauna a wani gida a Brooklyn tare da Auden da wasu marubuta, sai dai hayaniya da rashin tsarin gidan ba su dace da halin Britten ba.

A wannan zama ya rubuta ayyuka masu muhimmanci. A cikin jerin waƙoƙin Les Illuminations, wanda ya ɗora a kan baitocin Arthur Rimbaud na Faransanci, ya sadaukar da waƙa guda ga Pears ta hanyar rubuta haruffan farko na sunayensa kawai. A 1940 ya tsara Seven Sonnets of Michelangelo, jerin waƙoƙi na farko da ya rubuta musamman domin muryar Pears. Waƙoƙin soyayya ne cikin harshen Italiyanci, kuma Michelangelo ya rubuta da yawa daga cikin irinsu ne ga wani saurayi, Tommaso dei Cavalieri. A wannan shekarar kuma ya rubuta Sinfonia da Requiem domin tunawa da iyayensa. Gwamnatin Japan ce ta nemi aikin domin bikin cikar masarautarta shekara 2,600, amma ta ƙi karɓarsa saboda jigonsa na makoki irin na Kirista.

A 1941, suna jihar Kalifoniya, Britten ya karanta wata maƙala ta E. M. Forster a kan George Crabbe, wani marubucin waƙoƙi ɗan garin Aldeburgh na yankin Suffolk. Maƙalar ta tayar masa da begen gida. A cikin doguwar waƙar Crabbe mai suna The Borough ya gamu da labarin wani masunci, Peter Grimes. Jagoran makaɗa Serge Koussevitzky ya ba shi dala 1,000 domin ya mayar da labarin opera.

Komawa gida da batun yaƙi

Sun dawo Ingila a watan Afrilu na 1942 a cikin wani jirgin dakon kaya na ƙasar Suwidin, a lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke nutsar da jirage a tekun Atlantika. A cikin jirgin Britten ya rubuta A Ceremony of Carols, ya kuma kammala Hymn to St Cecilia, su biyun kuma suka riƙa zayyana yadda labarin Grimes zai tafi.

Da isowarsu suka gurfana a gaban kotun da ke sauraron masu ƙin shiga soja saboda aƙida. Da farko an yanke wa Britten cewa ya yi aikin soja wanda ba na ɗaukar makami ba, ya ɗaukaka ƙara, aka yafe masa gaba ɗaya. Shi ma Pears an yafe masa. Suka riƙa zagaya garuruwan Birtaniya suna yi wa jama'a kiɗa da waƙa. A ranar 23 ga watan Satumba, 1942, suka gabatar da waƙoƙin Michelangelo a zauren Wigmore na Landan, Pears yana rerawa, Britten yana kaɗa piyano. Masu sharhi sun yaba ƙwarai, kuma kasancewar baitocin cikin Italiyanci ya zame musu labule. A 1943 Britten ya tsara Serenade domin muryar Pears da ƙahon Dennis Brain.

Peter Grimes

An fara nuna Peter Grimes a ranar 7 ga watan Yuni, 1945, a gidan wasa na Sadler's Wells da ke Landan, wata guda bayan ƙarewar yaƙi a Turai. Montagu Slater ne ya rubuta baitocin wasan. Pears ne ya fito a matsayin Grimes, Joan Cross kuma ta fito a matsayin Ellen Orford, malamar makarantar da ke tausaya masa. Kafin ranar nunawa an yi ta gunaguni a cikin kamfanin: wasu sun ce kiɗan ba ya jin daɗin kunne, wasu sun ƙi jinin a ɗaukaka mutanen da suka ƙi zuwa yaƙi, wasu kuma suna habaici a kan alaƙar mutanen biyu.

Labarin na wani masunci ne mai zafin rai wanda yaron da ke koyon sana'a a hannunsa ya mutu a teku. Kotu ba ta same shi da laifi ba, amma mutanen gari sun riga sun yanke nasu hukuncin. Da yaro na biyu ya faɗo daga kan dutse ya mutu, sai gari ya fito farautarsa. A ƙarshe ya tuƙa kwale-kwalensa cikin teku ya nutsar da shi, gari kuma ya wayi gari ya ci gaba da harkokinsa. Britten da Pears sun sauya Grimes daga mugun mutumin da Crabbe ya zana zuwa mutumin da ke da laifinsa amma jama'a suka mayar saniyar ware. Britten da kansa ya danganta wannan jigo da halin da suka samu kansu a ciki a matsayin masu ƙin yaƙi. A 1977 masanin kiɗa Philip Brett ya wallafa wata maƙala inda ya nuna cewa wasan yana kuma magana a kan halin namijin da ke son namiji a cikin al'ummar da ta haramta hakan. Wannan maƙala ta buɗe sabon babi a nazarin ayyukan Britten.

Wasan ya samu karɓuwar da ba a taɓa gani ba ga opera ta Ingilishi, cikin 'yan shekaru aka nuna shi a manyan biranen Turai da Amurka. A watan Yuli na 1945 Britten ya raka makaɗin goge Yehudi Menuhin zuwa Jamus, inda suka yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin Bergen-Belsen kiɗa. Yana dawowa ya rubuta wa Pears The Holy Sonnets of John Donne, waƙoƙi masu nauyi a kan mutuwa da tuba.

Aldeburgh

A 1947 Britten da Pears suka koma garin Aldeburgh, a wani gida mai fuskantar teku. A shekarar ne Britten da abokan aikinsa suka kafa wata ƙaramar ƙungiyar opera mai suna English Opera Group. Suna kan hanyar yawon wasa a Turai sai Pears ya kawo shawarar su kafa nasu bikin a gida. Haka aka yi: a watan Yuni na 1948 Britten da Pears da Eric Crozier suka buɗe Bikin Aldeburgh, wanda ake yi duk shekara har yanzu. A 1957 suka koma wani gida da ke bayan gari mai suna Red House domin guje wa masu leƙe, a nan suka zauna har ƙarshen rayuwarsu.

Kusan duk wata babbar opera ta Britten tana da rawar da ya yi domin Pears. Ya fito a matsayin Albert a wasan barkwanci na Albert Herring a 1947, da Kyaftin Vere a Billy Budd a 1951, wasan da ya gudana a cikin jirgin yaƙi kuma babu mace ko ɗaya a cikinsa. Ya fito a matsayin Essex a Gloriana, wanda aka tsara domin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953, amma manyan baƙin daren farko suka karɓe shi da sanyin jiki. Ya fito a matsayin fatalwar Quint a The Turn of the Screw, wanda aka fara nunawa a birnin Venice a 1954. A 1960 su biyun suka haɗa hannu wajen taƙaita wasan Shakespeare na A Midsummer Night's Dream domin ya zama opera, Pears kuma ya ɗauki wata ƙaramar rawa ta ban dariya.

Daga ƙarshen 1955 zuwa 1956 sun yi doguwar tafiya zuwa Asiya. Kiɗan gamelan na tsibirin Bali da wasan Noh na Japan sun yi tasiri a kan Britten. Daga wasan Noh ya samo Curlew River na 1964, inda Pears ya fito a matsayin uwar da ta zautu tana neman ɗanta da ya ɓata.

Da bikin ya fi ƙarfin ƙananan zaurukan garin, sai suka mayar da wani tsohon gidan sarrafa sha'ir da ke Snape zauren kiɗa. Sarauniya ce ta buɗe shi a 1967. A daren farko na bikin 1969 gobara ta cinye zauren, amma aka mayar da wasannin zuwa majami'u, aka kuma sake gina shi kafin bikin 1970.

Zamansu a ƙarƙashin doka

Tun 1885 wata dokar Birtaniya ta haramta duk wata mu'amalar jiki tsakanin maza, ko da a ɓoye. Da ita aka ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895. A farkon shekarun 1950 hukumomi suka tsananta aiki da ita. An hukunta masanin lissafi Alan Turing a 1952, an kama ɗan wasan kwaikwayo John Gielgud a 1953. A wannan shekarar 'yan sanda suka ziyarci Britten. Hankalinsa ya tashi har ya tattauna da mataimakiyarsa Imogen Holst a kan yiwuwar Pears ya yi auren rufa ido, amma ba a yi hakan ba, ba a kuma tuhume su da komai ba. Rahoton kwamitin Wolfenden na 1957 ya ba da shawarar a sassauta dokar, sai dai sai a 1967 majalisa ta cire laifin a Ingila da Wales ga maza masu shekara 21 zuwa sama, idan a keɓe ne.

Britten da Pears ba su taɓa fitowa sun yi wa jama'a bayanin alaƙarsu ba a lokacin rayuwar Britten, kuma ba su yi ƙoƙarin ɓoye cewa gida ɗaya suke ba. Suna karɓar baƙi tare, ana gayyatarsu tare, har da gidan sarauta. Mutanen Aldeburgh da na duniyar kiɗa sun san halin da ake ciki, galibi kuma sun zaɓi yin shiru.

Halayensu sun bambanta. Britten mutum ne mai kunya da yawan damuwa, mai bin tsari a aikinsa, suka tana yi masa ciwo ƙwarai, kuma fargaba kan kama shi kafin ya hau dandali. Pears ya fi sakin jiki da son tafiye-tafiye, yana kuma tara zane-zane. Aikin waƙa yakan raba su na makonni, shi ya sa suka yi ta musayar wasiƙu. An tattara guda 365 daga cikinsu aka wallafa a 2016 a littafi mai suna My Beloved Man. Wasiƙun sun nuna bege da kishi da saɓani da sulhu, da yadda kowannensu ke ɗaukar ɗan'uwansa a matsayin wanda ya fi shi baiwa.

Muryar Pears ba kowa take yi wa daɗi ba, wasu na ganin ta cika sirantaka. Amma yana da fitar da kalmomi sarai da iya isar da ma'anar baiti, Britten kuma ya san inda ƙarfinta yake, yana gina karin waƙarsa a kai. Ban da ayyukan Britten, sun shahara wajen gabatar da waƙoƙin Schubert da Schumann, kuma faya-fayan da suka naɗa wa kamfanin Decca suna cikin waɗanda ake koyi da su.

Masu rubuta tarihinsa sun tattauna wasu ɓangarori masu wuya na halinsa. Yakan yanke hulɗa da abokan aiki kwatsam idan sun ɓata masa rai ko ya gama amfana da su, Auden ma yana cikin waɗanda suka yi nisa da shi. Haka kuma an yi rubutu a kan shaƙuwarsa da yara maza matasa waɗanda suka yi waƙa a wasanninsa, batun da John Bridcut ya bincika a littafinsa Britten's Children na 2006. Ɗan wasan fim David Hemmings, wanda ya fito a The Turn of the Screw yana yaro, ya bayyana cewa Britten bai taɓa yi masa abin da bai dace ba.

War Requiem

A 1940 jiragen Jamus suka rusa babbar majami'ar Coventry. Da aka gina sabuwa, aka nemi Britten ya tsara kiɗan buɗe ta. Ya haɗa addu'ar mamata ta harshen Latin da waƙoƙin Wilfred Owen, sojan Ingila da aka kashe mako guda kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya so manyan mawaƙan uku su fito daga ƙasashen da suka gwabza yaƙi: Pears daga Ingila, Dietrich Fischer-Dieskau daga Jamus, Galina Vishnevskaya daga Tarayyar Sobiyat. Hukumomin Sobiyat suka hana Vishnevskaya zuwa, Heather Harper ta maye gurbinta. An fara gabatar da aikin a ranar 30 ga watan Mayu, 1962. A ƙarshensa muryar Pears da ta Fischer-Dieskau suna wakiltar sojoji biyu maƙiyan juna da suka haɗu bayan mutuwa.

A wannan zamani Britten ya ƙulla abota da mijin Vishnevskaya, Mstislav Rostropovich, makaɗin babban gogen da ake kira celo, ya rubuta masa ayyuka biyar. Ya kuma yi abota da Dmitri Shostakovich, wanda ya sadaukar masa da simfoninsa na 14. Britten da Pears sun ziyarci Tarayyar Sobiyat sau da dama.

Death in Venice da rashin lafiya

A farkon shekarun 1970 likitoci suka gano cewa bawul ɗin zuciyar Britten ya lalace, sai an yi masa tiyata. Ya jinkirta aikin domin ya kammala opera ta ƙarshe, Death in Venice, wadda ya ɗora a kan gajeren labarin Thomas Mann, Myfanwy Piper kuma ta rubuta baitocinta. Labarin wani tsohon marubuci ne, Aschenbach, wanda kyawun wani matashi ya ɗauke masa hankali a birnin Venice, ya ƙi barin garin duk da annobar kwalara har ya mutu. Ita ce rawa mafi tsawo da wuya da ya taɓa rubuta wa Pears, wanda a lokacin ya haura shekara 60, kuma ga Pears ya sadaukar da aikin.

An yi masa tiyatar a watan Mayu na 1973. A lokacin aikin ya samu 'yar shanyewar ɓarin jiki wadda ta taɓa hannunsa na dama, daga nan bai sake kaɗa piyano a bainar jama'a ba. Haka haɗin gwiwarsu a kan dandali ya ƙare bayan fiye da shekara 30. An fara nuna wasan a Snape a ranar 16 ga watan Yuni, 1973, Steuart Bedford yana jagorantar makaɗa, Britten kuwa bai samu halarta ba. A 1974 Pears ya kai wasan gidan opera na Metropolitan a New York, karonsa na farko a wannan dandali, yana da shekara 64. Wasiƙun da suka yi wa juna a wannan rabuwa suna cikin waɗanda aka fi ambata, domin a cikinsu kowanne ya yi wa ɗan'uwansa godiyar rayuwar da suka yi tare.

Duk da rauni, Britten ya ci gaba da rubutu. A 1975 ya tsara Phaedra domin mawaƙiya Janet Baker, da kiɗansa na uku na goge huɗu. A watan Yuni na 1976 aka ba shi sarautar Baron Britten na Aldeburgh da kujera a majalisar dattawan Birtaniya, shi ne mai tsara kiɗa na farko da ya samu wannan girma.

Rasuwa

Britten ya rasu a gidansu na Red House a ranar 4 ga watan Disamba, 1976, a hannun Pears, yana da shekara 63. Hukumomin majami'ar Westminster, inda ake binne manyan mutanen ƙasar, sun yi tayin a binne shi a can. Amma ya riga ya bayyana cewa yana so kabarinsa ya kasance inda za a iya binne Pears kusa da shi, don haka aka binne shi a makabartar majami'ar Aldeburgh. Sarauniya Elizabeth ta aika wa Pears saƙon ta'aziyya ta wayar tangaraho, abin da mutane da yawa suka ɗauka a matsayin amincewa da matsayinsa a rayuwar mamacin.

An ba Pears sarautar Sir a 1978. Bayan rasuwar Britten ya fara magana a fili a kan soyayyarsu, musamman a fim ɗin tarihi na Tony Palmer mai suna A Time There Was. A 1980 shanyewar ɓarin jiki ta kawo ƙarshen waƙarsa, sai ya duƙufa ga koyarwa a makarantar horar da matasan mawaƙa da makaɗa da suka kafa tare a Snape. Ya rasu a ranar 3 ga watan Afrilu, 1986, aka binne shi kusa da Britten, da allunan kabari iri ɗaya.

Tunawa da shi

A 1977 Arvo Pärt na ƙasar Estoniya ya tsara Cantus in Memoriam Benjamin Britten domin makokinsa. A 2003 aka kafa wani sassaƙen ƙarfe mai siffar ƙwaryar kifin teku, aikin Maggi Hambling, a gaɓar tekun Aldeburgh domin girmama shi. A 2013, lokacin cikarsa shekara 100 da haihuwa, Birtaniya ta buga tsabar kuɗi ɗauke da sunansa. Gidan Red House yanzu a buɗe yake ga masu ziyara, yana ɗauke da ɗakin aikin Britten, da zane-zanen da Pears ya tara, da rumbun adana rubuce-rubucensu da wasiƙunsu. Cibiyar da ke kula da gidan da zauren Snape da Bikin Aldeburgh tana ɗauke da sunayen su biyun, wato Britten Pears Arts.